Bala Miller: Ɗan Limamin Coci da Ya Ɗora Hausa a Kan Kiɗan Zamani

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin waƙar baka ya san tambayar farko da ake yi game da kowane makaɗi, wato shin gado ya yi ko haye? Idan ana son misalin gado, sai a kawo Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya buɗe ido ya tarar mahaifinsa da kakansa duk makaɗa ne a ƙasar Maradun. Idan kuwa misalin haye ake nema, sai a kawo Alhaji Mamman Shata, wanda gidansu ba gidan kiɗa ba ne, mahaifinsa ma bai so ya shiga wannan sana'a ba. Wannan rabe-rabe yana da amfani ƙwarai, domin yana taimaka wa mai nazari ya gane inda mawaƙi ya samo murya da kayan kiɗa da kuma iyayen gida.

To amma akwai wani mawaƙi da ya yi tashe da Hausa a Nijeriya wanda idan aka ɗora shi a kan wannan ma'auni sai ma'aunin ya yi ta rawa. Wannan kuwa shi ne marigayi Bala Miller, wanda aka haifa a 1928, ya rasu a 2003. Mahaifinsa ba makaɗin fada ba ne, ba kuma maroƙi ba ne, amma gidan da ya tashi a ciki gida ne da ba a kwana a tashi ba a rera waƙa ba. Wannan muƙala za ta bi sawun ƙuruciyarsa daga Pankshin zuwa Lakwaja, daga can zuwa Legas, domin a ga irin gadon da ya ci, da yadda gadon nan ya haifar da wani reshe na waƙar Hausa da ba kasafai ake jin sa a bakinmu mu ɗalibai ba.

Asalin Gidansu

Sunansa kaɗai ya isa ya tsayar da ɗalibin harshe. Bala suna ne na Hausa tsantsa, irin wanda ake yi wa yaron da aka haifa ranar Laraba, ɗan'uwan Balarabe. Miller kuwa suna ne na Turawan Ingila. Haɗuwar sunayen nan biyu a kan mutum ɗaya tana da tarihi, kuma tarihin yana komawa ne zuwa Zariya.

A shekarar 1900 wata tawagar 'yan mishan ta ƙungiyar CMS, wato ta cocin Angilika, ta shigo ƙasar Hausa a ƙarƙashin Bishop Tugwell. A cikinsu akwai wani matashin likita mai suna Walter Miller, wanda kafin zuwansa sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa a wurin Hausawan da ke can. Tawagar ta isa Kano, amma Sarkin Kano Aliyu Babba bai yarda su zauna ba, sai suka juyo ƙasar Zazzau. Daga baya likitan ya sami wuri a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta, mutane suka riƙa kiransa Likita Mila. Wajen 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, a bayan gari. Shi ne kuma ya ja ragamar aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932.

Yaran da suka tashi a hannun Likita Mila da makarantarsa sun zama wata ƙaramar al'umma ta Kiristoci masu magana da Hausa. Duk da ƙanƙantarta, ta fitar da mutanen da tarihin Arewa ba zai manta da su ba. Daga cikinta aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Mu ɗaliban adabi kuwa mun fi sanin John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East a tsakiyar shekarun 1930. Mahaifin Bala, Rabaran Miller, yana cikin na farko-farkon wannan al'umma, ya ɗauki sunan likitan, ya kuma yi karatu har ya zama limamin coci. Saboda haka Hausar da Bala ya sha a nono Hausar Zazzau ce, kuma gidansu gida ne da aka saba da karatu da rubutu cikin boko tun lokacin da masu yin haka a Arewa ba su da yawa.

Haihuwarsa da Gidan da Ya Tashi

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai ɗan Zariya haihuwa a Pankshin, can cikin duwatsun Filato? Amsar tana cikin yanayin aikin mahaifinsa. Limamin coci kamar ma'aikacin gwamnati yake, inda aka tura shi nan zai kwashi iyalinsa ya tafi. A wancan lokaci CMS tana da tashoshi a ƙasar Angas da maƙwabtanta, kuma Hausa ce harshen da ake wa'azi da koyarwa da shi a yankin, don haka ana bukatar ma'aikata masu jin Hausa sosai. Hanyar nan kuwa mai zuwa da dawowa ce. Kamar yadda mutanen Zariya suka je aiki Filato, haka wasu mutanen Filato suka zo Wusasa, ciki har da iyayen Janar Yakubu Gowon, wanda asalinsa Angas ne amma a Wusasa ya girma.

Domin a gane irin tarbiyyar da Bala ya samu, ya kamata a san yadda gidan limamin coci yake a wancan zamani. Gidan yakan kasance a harabar coci ne, kusa da makaranta. Da asuba akan tara iyali a yi addu'a, da dare ma haka, kuma ba a yin addu'ar sai an haɗa da waƙa. A tsakiyar mako 'yan kwaya sukan taru su yi gwajin waƙoƙin da za a rera ranar Lahadi, kuma 'ya'yan limami su ne ba su da hanyar zillewa. Yaron da ya tashi a nan yakan koyi abubuwa uku tun bai san yana koyo ba. Na farko, yadda ake raba muryoyi kashi huɗu, daga siririya zuwa kakkaura, kowace tana bin hanyarta amma su haɗu su yi daɗi. Na biyu, cewa ana iya rubuta karin waƙa a takarda, wani da bai taɓa jin ta ba ya duba ya rera. Na uku, cewa waƙa aiki ce mai lokaci da horo, ana maimaita layi ɗaya har sai ya zauna.

Waɗannan abubuwa sun bambanta da yadda ɗan makaɗin gargajiya yake koyo. Shi ɗan makaɗin kotso ko taushi yana bin mahaifinsa ne fada da gidajen biki, ya fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, kunnensa da ƙwaƙwalwarsa su ne littafinsa. Amma idan aka duba da kyau, tushen ɗaya ne: yaro ya tarar da manya suna yi, ya shiga cikinsu tun kafin ya mallaki hankalinsa. Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Akwai kuma wani abu da ya shafi harshe kai tsaye. Yawancin waƙoƙin cocin wancan lokaci fassara ce daga Turanci, an ɗauki kalmomin Hausa an ɗora a kan karin da aka tsara domin wani harshe. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kowa ya san bambancin gari da ake zama a ciki da gari da ake tuƙa tuwo da shi, a rubuce ɗaya suke, a baki kuwa daban. Idan karin waƙa ya ja gaɓar da ya kamata ta gajarta, ko ya ɗaga wadda ya kamata ta sauka, kunnen Bahaushe zai ji wani abu ya goce. Duk yaron da ke jin Hausa a gida kuma yana rera irin waɗannan waƙoƙi, ya riga ya haɗu da matsalar da kowane mawaƙin zamani yake fama da ita, wato yadda za a sa Hausa ta zauna daram a kan kiɗan da ba domin ita aka ƙirƙire shi ba.

Lakwaja: Inda Ya Fara Riƙe Kayan Kiɗa

Bala yana ƙaramin yaro aka yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki zuwa cocin Holy Trinity da ke Lakwaja. Wannan ƙaura ita ce ta buɗe masa ƙofar kiɗa, kuma ba za a gane dalili ba sai an san wane irin gari ne Lakwaja.

Garin yana mahaɗar manyan koguna biyu, Kwara da Binuwai, saboda haka tun ƙarni na 19 ya zama zangon 'yan kasuwa da 'yan mishan da sojoji. Tun shekarun 1860, a zamanin Bishop Samuel Ajayi Crowther, aka kafa coci da makaranta a wurin, makarantar da ake lissafawa a matsayin firamare mafi daɗewa a Arewacin Nijeriya. A nan ne kuma Lugga ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900, ya ayyana Arewa a ƙarƙashin mulkin Turawa. Garin ya tara Nufawa da Yarabawa da Igala da Igbira da Kakanda da Hausawa. Ga ɗalibin Hausa, Lakwaja tana da wani matsayi na dabam, domin nan ne Turawa suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda ya sallami su Likita Mila daga Kano, a nan ya ƙare rayuwarsa. Haka ma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, shahararren marubucin waƙoƙin nan da muke nazari a aji.

Abin da ya fi shafar Bala shi ne kasancewar Lakwaja tsohon garin bariki. Duk inda sojan Turawa suka yi sansani, akwai 'yan badujala, masu begila da manyan ƙahonin tagulla da ganguna, waɗanda ke kaɗa wa soja fareti. Idan kayan suka tsufa ko aka sauya su, sukan faɗa hannun makarantu da coci-coci, ko dai a saya ko a samu kyauta. A nan ne Bala ya fara ganin irin waɗannan kayan kiɗa ido da ido. Yana da shekara 9, wato wajen 1937, ya riga ya shiga ƙungiyar badujalar makarantarsu, ranar Lahadi kuma yana cikin masu rera waƙa a coci.

Busa ƙahon tagulla ba wasan yara ba ne. Maɓallansa uku ne kacal, sauran aikin duk na leɓe ne da numfashi, sai yaro ya yi watanni yana fitar da ƙara marar daɗi kafin sauti ya miƙe masa. Bugu da ƙari, a cikin badujala ba wanda yake cin gashin kansa. Kowa yana da wurin shiga da wurin yin shiru, kuma idan mutum ɗaya ya yi gaggawa ya ɓata wa mutum ashirin aiki. Wannan horo na tafiyar da taron makaɗa shi ne ya bi Bala har ƙarshen rayuwarsa, domin kamar yadda za a gani a gaba, an fi saninsa da babbar ƙungiya mai mutane da yawa.

Ya kamata kuma a lura cewa busa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kakaki da algaita da farai sun daɗe a ƙofar fada, sai dai su na sarauta ne, ba kowa ake busa wa ba, ba kuma kowa ke busawa ba. Ƙahon badujala kuwa ya zo ba shi da wannan ƙa'ida. Ɗan kowa yana iya ɗauka idan ya shiga makaranta ko aikin ɗamara. Ta wannan ƙofa ce ɗan limami, wanda a tsarin gargajiya ba shi da hurumin taɓa kayan busa, ya zama mabushi.

Legas: Makaranta da Rana, Kiɗa da Dare

Da ya gama firamare sai aka tura shi Legas, makarantar CMS Grammar School, wadda aka kafa a 1859, kuma ita ce sakandare mafi tsufa a Nijeriya. A wancan lokaci 'yan Arewa da ke samun irin wannan dama ba su taka kara sun karya ba. A can ma bai rabu da kiɗa ba, ya shiga ƙungiyar makaɗan makaranta. Amma abin da ya fi nuna halinsa shi ne abin da yake yi a wajen makaranta. Ya shiga wata ƙungiya mai suna Calabar Brass Band, suna kiɗa a bakin titi da wuraren bikin aure, yana samun ɗan abin kashewa.

Wannan mataki ƙarami ne a ido, amma babba ne a tarihinsa. A coci da makaranta, an tsara abin da za a kaɗa tun kafin a fara, masu sauraro kuma suna zaune shiru. A bakin titi kuwa, jama'a ne alƙalai. Idan kiɗa bai motsa su ba, su yi gaba, makaɗi ya koma gida aljihu wayam. Ƙungiyoyin badujala na garuruwan bakin teku sun daɗe da gano maganin wannan: suka ɗauki kayan faretin soja, suka sassauta taken, suka zuba masa kiɗan gida wanda ƙugu ke amsawa. Daga irin wannan gauraye ne, tare da kiɗan jita na ma'aikatan jiragen ruwa da kiɗan rawa na manyan otal-otal, aka sami abin da ake kira hailaif. Sunan ya fito ne daga ƙasar Gana, inda talakawa masu leƙe daga waje suka laƙaba wa kiɗan da ake yi wa masu hali a gidajen rawa, ma'anarsa rayuwar manya.

Bayan ya gama makaranta, Bala ya karanci harkar tallace-tallace, ya kama aiki da kamfanin Lever Brothers mai yin sabulu. Da rana yana ofis, da dare kuma ya ɗauki ƙahonsa ya nufi wurin ƙungiyar Samuel Akpabot, wani matashi da daga baya ya tafi Landan karatun kiɗa a 1954, ya dawo ya zama ɗaya daga cikin manyan masana kiɗan Afirka a jami'o'i. A wannan zamani Legas tana tafasa da hailaif. Bobby Benson ya dawo daga Turai ya kafa ƙungiyarsa, E.T. Mensah na Gana ya zo da ƙungiyar Tempos a farkon shekarun 1950 ya girgiza gari, matasa masu busa suka yi ta kafa nasu. A cikinsu akwai Victor Olaiya, wanda shi ma ya bi ta hannun Akpabot, kuma Bala ya yi aiki tare da shi a zamanin ƙungiyar Cool Cats da ta fito a 1954.

A nan akwai wani bambanci da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Makaɗin fada yana da ubangida, shi ke ba shi riga da doki da hatsi, shi kuma yana wasa shi yana zambo ga abokan hamayyarsa. Makaɗin hailaif ba shi da sarki. Abincinsa yana fitowa ne daga mai otal, da kuɗin shiga da 'yan rawa suka biya, da cinikin faifan garmaho. Wannan ya sa jigoginsa suka karkata ga abin da ya shafi kowa, kamar soyayya da zaman duniya da gargaɗi. Haka kuma sana'ar ba ta da tabbas, shi ya sa Bala ya daɗe yana riƙe da aikin albashi a hannu ɗaya, ƙaho a ɗaya hannun.

Wani abin lura shi ne harsunan da ake waƙar hailaif da su a Legas ta wancan lokaci: Yarabanci da Ibo da Ifik da Turancin buroka da harsunan Gana. Hausa ba ta da wani babban gurbi a wannan fage, duk da yawan masu jin ta. Bala ya zauna a tsakiyar wannan kasuwa, ya koyi sirrinta, alhali yana ɗauke da harshen da ba a riga an baje kolinsa a cikinta ba.

Dawowa Arewa

Ko da yake ƙuruciyarsa ce abin da wannan muƙala ta sa gaba, ba za a ga amfanin shuka ba sai an leƙa rumbu. A shekarun 1950 aikin kamfani ya dawo da shi Arewa, ya zauna a Kaduna, hedikwatar Jihar Arewa ta wancan lokaci. A 1973 ya tsaya aka kafa makarantar koyon kiɗa a Kano, bayan da Gwamna Audu Bako ya ƙalubalance shi da ya ɗebo matasa masu zaman kashe wando ya koya musu kayan kiɗa. Idan aka tuna yadda shi kansa ya fara, da tsofaffin ƙahonin soja a makarantar Lakwaja, za a ga cewa abin da aka yi masa ne ya juyo yana yi wa 'ya'yan wasu.

A 1977 ya yi aiki a ɓangaren kiɗa na bikin FESTAC, babban taron al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas, aka kuma yi hawan dabarsa a Kaduna. A shekarar ce ya kafa ƙungiyar da ta fi fito da sunansa, Great Music Pirameeds of Afrika, sunan da duk ɗan Arewa ya ji sai ya tuna da dalar gyaɗa ta Kano. Ta fara da mutum 12, ta bunƙasa har ta kai 28. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne rera hailaif da Hausa. A shekarun 1980 ya riƙa gabatar da shirinsa na kiɗa da nishaɗi a gidan talabijin na NTA, ana kallo a faɗin ƙasa. Waƙarsa da ta fi zama a zukatan mutane ita ce Ikon Allah.

Gado Ne Ko Haye?

Yanzu sai mu koma ga tambayar da muka fara da ita. Idan gado yana nufin mahaifi ya miƙa wa ɗa ganga da iyayen gida, to Bala haye ya yi. Idan kuwa gado yana nufin yaro ya tashi a gidan da waƙa take cikin aikin yau da kullum, ya koye ta daga manyansa kafin ya san zai ci abinci da ita, to Bala magaji ne. A ganina, rayuwarsa tana nuna mana cewa a ƙarni na 20 an sami wani sabon gidan kiɗa a Arewa wanda bai dogara da jini ba, wato coci da makaranta da bariki. Wannan gida yana da nasa kayan kiɗa, da nasa hanyar horo, da nasa magada.

Mu da muka fito daga Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Kaduna mun san wannan gida sarai, domin har gobe yana nan. Ni kaina ba Hausa na fara ji a bakin mahaifiyata ba, a kasuwa da coci da filin wasa na tsince ta, kamar dubban 'yan'uwana Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Agworok. Tun da layin dogo ya ratsa Kafanchan a shekarun 1920 ya mayar da ita mahaɗar jiragen ƙasa, Hausa ta zama igiyar da ta ɗaure ƙabilun yankin da baƙin da suka zo aiki. 'Yan mishan na SIM da suka zauna a Kwoi da Kagoro su ma da ita suka yi aiki. Yau idan ka shiga coci a ƙauyukanmu za ka tarar da Littafin Waƙoƙi a hannun tsofaffi, 'yan Zumuntar Mata suna rera waƙoƙin da suka tsara da kansu cikin Hausa, suna kaɗa tulu da kacau-kacau, yara maza kuma suna fareti da begila da ganguna. Yawancin matasanmu da ke shiga situdiyo a Kaduna da Jos da Abuja daga nan suka fara. Tafarkin da Bala ya bi ke nan tun shekarun 1930.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta wuce ta nishaɗi. Yankinmu ya ga tashin hankali, daga rikicin Kafanchan na 1987, zuwa na Zangon Kataf a 1992, zuwa wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, kuma kowane ɓangare ya binne nasa. Ɗaya daga cikin tabon da wannan ya bari shi ne yadda wasu suka fara kallon harshe kamar tutar addini. Za ka ji matashi a gida yana tambayar me zai kai ka karanta Hausa a jami'a alhali ba harshenku ba ne, a wani gefen kuma ka haɗu da mai mamakin ganin mai suna irin namu a ajin Hausa. Tsoron da iyayenmu ke yi na kada ƙananan harsunanmu su ɓace tsoro ne na gaskiya, kuma wajibi ne mu riƙe su da kyau. Amma riƙe naka bai zama dalilin jefar da abin da ya haɗa ka da maƙwabcinka ba. Ga ɗan limamin coci, mai sunan Bature, wanda ya yi ƙuruciyarsa a wajen ƙasar Hausa, ya zo ya yi waƙa a kan ikon Allah, Musulmi da Kirista suka karɓa, kowa yana jin da shi ake. Kalmomin nan biyu kuwa kullum suna bakin mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, idan abin mamaki ya faru ko abin da ya fi ƙarfin mutum.

Ga masu neman abin da za su yi kundin kammala digiri a kai, ga fili nan a buɗe. Ana iya ɗaukar waƙoƙin Bala a duba yadda ya daidaita karin sautin Hausa da kiɗan hailaif. Ana iya kwatanta aikin da 'yan amshi ke yi wa makaɗin gargajiya da aikin da masu busa ke yi a ƙungiyar zamani, inda jagora zai yi layi ƙahoni su amsa masa. Ana kuma iya bin salsalar waƙar Hausa ta zamani a ga cewa kafin zuwan fiyano da waƙoƙin finafinan Kano a shekarun 1990, an riga an yi wani zamani na jita da ƙaho.

Kammalawa

A taƙaice, wannan muƙala ta bi Bala Miller daga gidan da ya samo asali a Zariya, zuwa haihuwarsa a Pankshin a 1928, zuwa Lakwaja inda ya fara busa yana ɗan shekara 9, zuwa Legas inda titi da otal suka ƙarasa masa karatun da coci ta fara. An ga cewa kowane zango ya ba shi wani abu: gida ya ba shi harshe da murya, bariki ya ba shi kayan busa, Legas ta ba shi salo, Arewa kuma ta ba shi masu sauraro. Ya rasu a 2003, yawancinmu ba mu yi wayo mun same shi ba, amma muryarsa tana nan a tsofaffin faya-fayai da kuma intanet. Ya rage namu mu nema mu saurara da kunnen nazari, mu ba shi gurbinsa a cikin jerin mawaƙan Hausa. Allah ya jiƙansa, ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya.